Zankon Kawu Baz

Hull, 9 ga Mayu

Yaya Maxine,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki da kika bar wa aiki kika gudu. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da sanyin Aberdeen. Mu dai muna nan, Baba yana shan maganinsa yana zagina, ni kuma barci nake nema ko a tsaye.

Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai taka ƙofar gida ba, wata takwas ke nan. Likitar gashin ƙashi ta koya masa naɗin takarda don yatsunsa su saki: a yanka ta siri-siri, a naɗe a jikin tsinken sakace har ta zama ɗan gammo, a sa gam a manna. Ta ce ya yi furanni. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana dukan jita a ƙungiyar masu kiɗan hargowar nan na pank, da fil a kunne, shi za a ce wa furanni! Ya ce hoton kan Kawu Baz zai yi, makaɗin gangar ƙungiyarsu, da jan zankon nan nasa irin na zakara.

Ranar Asabar ta sama Kawu Baz ke cika shekara da rasuwa. Matarsa, Inna Lorraine, za ta tara tsofaffin abokai a mashayar da suka fara wasa. Baba ya rantse ba zai je ba sai da hoton a hannunsa. Ya yayyanka tsofaffin takardun tallar wasansu don aikin. Amma zankon kaɗai zai ci naɗi ɗari uku, shi kuwa a wuni goma yake yi, rabi ma a karkace.

To ga sirrin, kada ki tona ni. In ya kwanta bayan abincin rana, sai in naɗa ashirin in zuba cikin gwangwaninsa. Jiya har yana yi mini gori wai hannunsa ya dawo. Na yi dariya, amma ban ji daɗinta ba. So nake kawai ya fita ya ga mutane, Yaya. Na gaji da ganinsa a kujerar nan.

Ki gaida mutanen gidan.

Ƙaninki,
Declan

Hull, 19 ga Mayu

Yaya Maxine,

Bayan gaisuwa da fatan murar da kika ce ta sake ki, asirina ya tonu.

Ranar Alhamis ya zazzage gwangwanin a kan tebur, ya ware nawa gefe guda, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ashe kyansu ne ya kashe ni. Ya ce shi tun da yake bai taɓa yin abu daidai haka ba, ko lokacin da yake da hannu biyu. Ya kira ni ɗan banza, ya ce su a zamaninsu ba wanda ya iya kiɗa, amma ba wanda ya ba wani ya kaɗa masa. Wai in kai nawa shagon katin biki.

Bai tsaya nan ba. Ya sa ƙusar yatsa ya ɓamɓare duk nawa da ya riga ya manna. Zankon ya koma kamar kaza ta sha figa, ja nan, fili can. Ya juya hoton ya kife, ya ƙi cin kifin da na sayo, kwana biyu bai yi mini magana ba. Ni ma ban tsokane shi ba, kin san abin ya kai.

Asabar da safe na tarar da shi zaune da tsohuwar rigar fatarsa, hannu ɗaya a ciki, ɗayan ya gagara. Na sa masa. Ya ce in ɗauko hoton haka nan yadda yake, in kuma rufe masa baki.

A mashayar, tsofaffi ne masu sanƙo da sanduna. Inna Lorraine ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta ce ai haka Baz yake dawowa gida duk ranar da aka yi ruwa, kuma haka yake kiɗansa, duka ɗaya a kan ganga, biyu a iska. Ta ce da an kawo mata mai kyau, da ta tambayi ko wane ne. Baba ya yi dariya har ta koma masa hawaye, Inna Lorraine ta riƙe hannun nasa mara lafiya ba ta saki ba.

Awa uku ya yi a can. A bas ya yi barci a kafaɗata, har yanzu wuyana ciwo yake.

Ki zo wata mai zuwa ko kwana huɗu ne ki karɓe ni. Ya ce Laraba in raka shi gidan mawaƙinsu, kuma a hawa na uku yake, babu lif, sai matakala.

Naki a gajiye,
Declan