Tsohuwa Ta Bi Bututu

Zuwa ga hasken idona, sanyin raina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a busasshiyar ƙasa ya tayar da ƙamshi; zuwa ga uwar 'ya'yana, kuma tun makonni uku da suka wuce, kakar jikana. Ina gaishe ki gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba, da fatan ke da 'yarmu da ɗan baƙon da ta haifa mana kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Idan jaririn yana hannunki, ki miƙa wa uwarsa.

Kin ce in ba direba rabin Tsohuwa ya kai miki, don 'yarmu ta fara gasa nata burodin da tsamin kakarta. To ga direba, ga takarda, ga ɗan ƙunshi, amma babu Tsohuwa. Ba za ta zo ba. Ƙullun tsamin nan na cikin kwalba, wanda marigayiya Inna, mahaifiyarki, ta ba ki, wanda kika yi shekara ashirin da bakwai kina ciyarwa da fulawa da ruwa kowace safiya, kina ɗiba kina tayar da burodinmu da shi, har kika raɗa masa suna kamar mutum, ni mijinki na juye shi a bututun wanke-wanke yau kwana goma sha biyu. Na bi shi da tafasasshen ruwa. Na dirje kwalbar da soso har sau uku. Kuma sau tara kika tambaye ni a waya yaya Tsohuwa, sau tara na ce miki tana nan garau, har da ƙarin cewa tana gaishe ki. Tir da ni! Na rubuto ne saboda bakina ya kasa, hannuna kuwa ya saba da ƙazamin aiki.

Ranar tafiyarki kin tsaya bakin ƙofa da jaka a hannu, kin ce cokali uku na fulawa, ruwa kaɗan, a juya, a rufe da ƙyalle. Na ce wannan ai ko ɗan aji biyu zai iya, ni kuwa har aji huɗu na kai kafin malamai su gaji da ni. Kwana biyu na yi ina ba ta abinci kamar mutumin kirki. A na uku aka kira ni wani gidan bene da bututunsa ya fashe, na yi kwana shida ina fita da sassafe ina dawowa a jiƙe, Tsohuwa ta fita daga kaina sarai.

Sai wata safiya na shiga kicin ɗora shayi, wani abu ya mare ni a hanci. Ke kin san hancin nan. Shekara talatin ina gyaran famfo. Na zura hannu har kafaɗa a kwatamin mutanen da ban sani ba, na zaro gashinsu a dunƙule da yauƙi, na ciro mataccen ɓera ya kumbura ya yi sulɓi, kuma na wanke hannu na ci abincin rana ban ko yamutsa fuska ba. Amma wannan warin, a cikin kicin ɗinki, inda ko ƙuda sai ya nemi izini! Na shinshina magudana, lafiya. Na ja firji, babu komai. Na bi hancina har kan kantar kicin, na ɗaga ƙyallen nan mai furanni. Wayyo Allah! Wani ruwa toka-toka ya taso ya kwanta a sama kamar ruwan wankin safa, ƙasansa kuma abu ya yi laɓo-laɓo yana fitar da kumfa ɗaya bayan ɗaya, yana huci. Tsami ba tsami ba, ɗoyi ba ɗoyi ba, wani hamami ne kamar an jiƙa tsohon takalmi a ruɓaɓɓiyar madara. A sana'ata kuwa, duk abin da ke wari yana kumfa magani ɗaya gare shi, a kora shi da ruwan zafi. Ban yi tunani ba, zinariyata. Hannuna ne ya yi aikinsa. Har daɗi na ji, ina cewa za ki dawo ki tarar na tsabtace miki kicin.

Tsohuwa dai 'yar gidanku ce, ba ta tafi salin-alin ba. Ruwan zafin ya dafa ta a gwiwar bututu, ta daskare, ta toshe hanya. Ni da nake buɗe wa gari magudana, tawa ta toshe! Na kwanta rigingine ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na sa sifana na kwance gwiwar, sai ta faɗo mini a fuska gaba ɗayanta, ita da abokan da ta tarar a can: tsohon maiƙo, ganyen shayi, ƙayar kifi, da wani baƙin abu da har yau ban san sunansa ba. Ya shiga gemuna. Kaɗan ya shiga bakina. Kada ki tambaye ni ɗanɗanonsa.

Washegari na tsaya wurin mai gidan burodin bakin titi, ina ba shi labari ina dariya, wai in nuna jarumtakata. Bawan Allah bai yi dariya ba. Ya ajiye tiren hannunsa, ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya taka jariri. Ya ce ai ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji. Wannan ruwan na sama alamar neman abinci ce, da na tsiyaye shi na ba ta fulawa, kafin la'asar ta miƙe. Wato da ranta na kora ta. Tana roƙona abinci, na ba ta tafasasshen ruwa.

Tunda yau ranar tonon asiri ce, bari in ƙarasa. Na ruga gida wurin bokitin da na tara abin da ya fito daga bututu, na tsinci wanda ya fi fari-fari, na sa a kofi, na zuba masa fulawa, na rufe ina addu'a. Kwana uku na ɗaga murfi. A'uzubillahi! Funfuna kore da baƙa, ta yi gashi luf-luf kamar bayan ɗan kyanwa, ga wasu ƙananan ƙwari suna shawagi a kai suna murna. Ranar na yi aman da aikin shekara talatin bai sa ni ba. Kofin ma na jefar, wanda ya fashe a baki, ba mai kyan ba.

Ya ke tauraruwar asubata, kin tuna ranar da muka tare a ɗakinmu na farko? Kaya a bayan mota, ruwa yana zuba, ni ina kare katifa da jikina, ke kuwa kin rungume kwalbar nan a cinya, kin cire mayafinki kin lulluɓe ta, kanki yana shan ruwa. Na ce to ni wa zai lulluɓe ni? Kika ce ni ba na tashi idan an ba ni fulawa. Da gari ya waye ƙamshi ne ya tashe ni. Kin fito da burodi daga ɗan tanderun gwangwani da na ƙera miki, bayansa ja kamar fitowar rana, kika karya shi da hannu, tururi ya rufe fuskarki, na gan ki ta cikinsa kamar wata a cikin gajimare. Babu tebur, babu kujera, a kan akwatin kayan aikina muka ci. Ina sarkin da ya taɓa karya kumallo irin nawa? Shekara ashirin da bakwai ina cin wannan ƙamshin, ina lashe yatsa, ina yi wa abokai alfahari, ban taɓa tsayawa na ga daga ina yake fitowa ba. Inna, Allah ya jiƙanta, ta taɓa cewa hancina ya lalace da kwata, ko an kawo mini abin kirki ba zan gane shi ba. Na yi shekaru ina jin haushin maganar. Ashe marigayiya ta auna ni daidai, ba ƙari ba ragi.

Na san ba ƙullu na zubar ba. Na sha ganinki kina juya shi da safe bakinki yana motsi, na yi kamar ban gani ba. Na san da wa kike magana. Shi kaɗai ne abin da hannun Inna ya taɓa da ya rage yana numfashi a gidanmu. A nan wasa ya ƙare mini.

Gidan nan kuwa ba ya shiguwa, kurciyata. Kicin yana warin sabulu da laifi. Burodin kanti nake ci, fari fat, laushi kamar soson katifa, in na matsa shi ya dunƙule ya manne a ganɗa, sai na sa yatsa na ɓanɓaro. Wannan abinci ne ko abin toshe rami? Ina ɓawon nan naki mai ƙaras-ƙaras? Ina ƙarar kwaɓi a kan katako da ke tashina kafin zakara ya gama gyaran murya? Ina garin fulawar da ke maƙale a girarki, wanda nake bari da gangan ban gaya miki ba don in yi ta kallo? Ni yanzu kamar famfon da aka yanke wa ruwa nake, a murɗa ni sai tari da iska.

Ƙunshin da ke hannun direba biskit ne, ni na gasa, don kada ya zo miki hannu wofi. Na tuna kina cewa biskit ba ya buƙatar Tsohuwa, na ce to ga inda zan wanke kaina. Fulawa, sukari, bota, ƙwai. Bota ta ƙare a tsakiya na cika da man gyaɗa, bisa ƙiyasin ma'aikaci. Ban ga kofin da kike yanka su da bakinsa ba, sai na yanko guntun bututu, sabo fil, na rantse. Da'irar kam ta fita, ko injiniya sai haka. Amma ƙasansu ya ƙone ƙurmus, tsakiyarsu ɗanye yana naso, warinsu kamar tayar mota da aka toya a mai. Na jefa wa kajin maƙwabciya ɗaya, zakaran ya zagaya shi sau biyu ya kira matansa suka bar wurin. Kada kowa ya ci, balle mai shayarwa. Na aiko su ne shaida, ki ga abin da mutum ke zama idan babu ke.

Saura magana ɗaya, ita ce mai ɗaci. Kin san Inna ta raba tsaminta gida biyu, rabi gare ki, rabi ga ƙanwarki, wadda nake kira Alƙaliya. Kin kuma san shekara shida ke nan ba ta taka gidanmu ba, tun ranar da na ƙwanƙwasa burodinta a kan tebur gaban dangin mijinta, na ce a ba ni biyu in tare tayar babbar mota. Kowa ya yi dariya ban da ita, ban da ke. Shekara shida kina zuwa wurinta ke kaɗai, kina dawowa shiru, ni ina cewa ai wasa ne, ita ce ba ta san wasa ba. Shekaranjiya na kira ta. Sai da na gama bayani kaf, sannan ta fashe da dariyar da sai da na janye wayar daga kunne. Nata yana nan da rai, bai taɓa kwana da yunwa ba.

Ta yanke hukunci. Ranar Asabar in zo da ƙafata, kwalba a hannu ba a cikin jaka ba. In zauna a teburin nan, gaban mutanen nan, ta ce duk za ta kira su. In cinye burodinta guda cur, ba shayi ba ruwa, in faɗa da ƙarfi cewa yana da laushi. Bayan nan akwai bayan gidanta da ya toshe, wanda masu gyara uku suka leƙa suka ce za su je su dawo. Idan na gama, na yi wanka, za ta ba ni cokali ɗaya. Ɗaya tak. Na ce na amince. Haƙorana na gefen hagu sun riga sun fara yi mini ban kwana.

Ban ce wannan zai mayar da abin da na zubar ba. Nata bai san hannunki ba, bai sha ruwan sama a cinyarki ba. Mai gidan burodi ya ce tsami yana koyon gida da hannun mai shi, a hankali zai saba. Ni ban sani ba. Abin da na sani, tushensu ɗaya, daga kwanon Inna. Ina roƙonki, ruwan sanyina, ki yi fushinki son ranki, ki kashe mini waya kwana uku, ki gaya wa 'yarmu ubanta sakarai ne, dama ta daɗe tana zargi. Amma kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kan ranar da kika ce za ki dawo. Ki zo ki zage ni a kicin ɗinki, ina tsaye.

Kwalbar tana nan kan kantar kicin, a wanke, tana ƙyalli. Duk ƙazantar da na gani a duniya, ban taɓa ganin abin da ya ba ni ƙyama kamar tsabtarta ba.

Idan na dawo da cokalin nan, ciyarwar ta koma wuyana. Safiya ashirin da bakwai sau kwanakin shekara, lissafin ya fi ƙarfin aji huɗu, amma na san ban biya ko ɗaya ba tukuna. Cokali uku na fulawa, ruwa kaɗan, a juya, a rufe da ƙyalle. Kafin shayi, kafin sifana. In ta yi wari in matso da hancina in ce sannu.

Naki ni kaɗai, ke kaɗai, har ranar da hancin nan zai daina bambanta wari da ƙamshi,

Mijinki mai gyaran famfo, wanda burodi guda da masai guda ke jira ranar Asabar.