Kwamfuresa a Kan Buhun Shinkafa

Baban yara,

Na tafi aiki. Ban tashe ka ba, don kada maƙwabta su ji bakina.

Sau nawa zan gaya maka sitona ba garejinka ba ne? Jiya da hadari ya taso ka kinkimo kwamfuresarka ta fenti, ka kwantar da ita a kan buhun shinkafata. Kai da bakinka ka ce wa ƙaninka ba a kwantar da ita, mai zai tsiyaye. To, ya tsiyaye, ya ratsa buhun har ƙasa. Sai da tukunya ta tafasa na ji warin. Yaranka da ruwan shayi suka tafi makaranta.

Kafin in dawo ka fitar da ita, ka tsayar da ita a rumfarka, ka rufa mata leda. In na tarar da ita, ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe yana wucewa da yamma.

Kuma kada ka ce min "ɗan mai ne, a wanke". Sau uku na wanke. Taka tana cikin kula, ka ci ka ba ni labari.