Hadarin da na ɗauka bayan rumbu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kinka koya mini, yau hadari ya haɗo gabas, na tsaya kallo har shayina ya huce. Sai na ga ya kamata in gaya miki wata magana da na daɗe ina ɓoyewa.

Kin tuna damanar da ta biyo bayan babban fari, da na zo gida Deule hutun lakwal, makarantar da nake koyarwa, da kyamarar da na sayo a Madawa? Kowa na son in ɗauke shi, ni kuwa sama na sa wa ido. Kinka ce mushe guda, malamin lakwal, ya zauce, ya bar mutane yana hoton hayaƙi.

Lokacin Baba ya yi binne, ya shuka ɗan irin da ya rage mana a tukunya tun ruwa bai sauka ba. Kwanaki sunka yi ta wucewa ba ɗigo, kuma in wanga ya lalace ba mu da wani.

Sai ranar nan bayan la'asar hadari ya taso ta bayan dutse, cikinsa baƙi ƙirin, kansa fari kamar auduga, gindinsa ja. Wallahi Inna ban taɓa ganin mai kyaunsa ba. Kinka riƙe mini hannu, kinka ce ko yatsa ba a nuna wa hadari don kada ya watse, balle wanga baƙin ido na ƙarfe. Na ce to.

Na zagaya bayan rumbu na danna.

Ba a jima ba hadarin ya karkata wajen Keita. Duk abin da nake koyarwa a aji kan iska da girgije ya gudu ya bar ni, na tsaya ina istigfari, ina ganin ni na kashe mana gona.

Can iska ta juyo, ruwa ya ɓarke. Kinka fito tsakar gida ba ko kallabi, kina tara tukwane kina guɗa, Baba na dariya a ƙofar ɗaki. Kinka dube ni jiƙe sharkaf kinka ce, "Ka gani ko? Da ka ɗauka da mun rasa." Na ce gaskiyarki. Har aka yanke gero kina ba maƙwabta labarin ɗanki mai jin magana, ni kuwa ina sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

To na ɗauka, Inna, kuma hoton ya yi kyau ƙwarai. Kin tahi kina yabona kan biyayyar da ban yi ba. Na san da kina nan da kin jefe ni da ludayi, sannan ki ce in kawo ki gani. Ina kewarki sosai.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki da ruwan rahama, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Mahamadu