Ranar da Danny Ya Sha Kananzir

Demsawo, Jimeta,
9 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Yayana Philemon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Anti Ebere da ɗanku Zadok. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mu ma nan damina ta zauna, zafin Yola ya sassauta, Binuwai ya fara cika har masu lambu a bakin gada sun soma tattara kayansu. Mama ta zo daga Ganye ta yi mana kwana huɗu. Gwiwarta tana nan yadda ka sani, amma bakinta lafiya ƙalau, don tana shigowa ta ce surukinka Apollos ya rame, ta juyo ta kafe ni da ido. Tracy ta zubar da haƙoran gaba biyu, kuma tun da ta shiga aji ɗaya take gyara mini Turanci, ni da nake koyarwa shekara takwas. Jaririyarmu Marvelous ta fara rarrafe, duk abin da ta tsinta sai baki.

Yaya, maganar ɗanmu Danny ce ta sa na zauna rubutu. Ka kira ni sau uku a watan jiya, duk na ce maka tari ne kawai ya sa aka kwantar da shi. Ka yafe mini, ban gaya maka gaskiya duka ba. Da na buɗe baki a waya sai muryata ta ƙi fita.

Ranar wata Asabar ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Gas ɗinmu ya ƙare tun daren Juma'a, sai na jawo tsohon risho, na je shagon maƙwabciyarmu Akunna na sayo kananzir. Na manta da jarka, sai ta zuba mini a gorar lemo. Na ajiye gorar a ƙasa kusa da ƙafar tebur, da niyyar in na gama yi wa Marvelous wanka in zuba a risho. Apollos ya riga ya fita taron maza a coci. Ina cikin cuɗa bayan jaririya na ji Tracy ta ƙwala mini kira da wata irin murya. Na fito da kumfa a hannu, na tarar da Danny tsaye a ƙofar kicin, gorar tana gangarawa a ƙasa, gaban rigarsa sharkaf, idanunsa jajur, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Yaron da bai cika shekara uku ba. Ya ga gorar lemo, ya ɗauka lemo ne.

Ihun da na yi ya tara mutane. Akunna ce ta fara shigowa da gudu, da kwalbar manja da cokali a hannu, tana cewa in buɗe masa baki maza. Wata ta ce a ba shi madara, wata ta ce a zira masa yatsa a maƙogwaro ya amayar. Ka san da abin da muka taso ke nan, ni ma ban san wani ba. Na ɗora shi a cinya, na matse masa kumatu, Akunna ta cika cokali ta kawo bakinsa.

A daidai nan Goggo Asta ta yi sallama. Ba ka san ta ba. Mutuniyar Gwoza ce, cikin waɗanda rikici ya koro, tana zaune a Malkohi, tana kawo mana kuɓewa da yakuwa a tire duk Talata da Asabar. Shekara uku ina sayen kayanta, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko ciniki a hankali take yi kamar mai jin kunya. Yaya, matar nan ta saki tirenta a ƙasa, kuɓewa ta watse ko'ina, ta tsallake mutane ta buge cokalin daga hannun Akunna. Manjan ya fantsama a bango, har yau tabon yana nan. Ta daka mana tsawa, ta ce kada wanda ya sa wa yaron nan komai a baki, ba manja, ba madara, ba yatsa. Ta ce in cire masa rigar, in riƙe shi a zaune, a nemo keke yanzu yanzu. Ran Akunna ya ɓaci, ta fara faɗa da Hausarta mai gauraye da Turancin kasuwa, wai yaushe mai tallan kuɓewa ta zama likita. Goggo ba ta ko kalle ta ba. Ni ta kalla, ta ce ta rantse da Allah in yaron nan ya yi amai, aman ne zai kashe shi. Ban san me na gani a idonta ba, amma na saki kumatun Danny, na yi yadda ta ce.

Malam Bakari mai keke napep na bakin layinmu ne ya ɗauke mu, yana tafe yana yi wa mutane magiya da Fillanci su ba shi hanya. Da muka isa asibiti, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ko mun ba shi wani abu, ko ya yi amai. Na ce a'a. Ya ɗago kai daga rubutu ya sake tambaya, na sake cewa a'a. Sai ya ce wa ya hana mu? Ya ce yawancin yaran da ake kawo masa, an riga an ɗura musu manja sun amayar, kananzir ɗin ya koma ya cika huhu, a nan ake rasa su. Hoton ƙirji ya nuna kaɗan ya shiga huhun Danny tun lokacin da ya ƙware, amma likita ya ce wannan kaɗan ɗin za su iya da shi, da yardar Allah.

Kwana na biyu ne ya fi tsanani. Zazzaɓi ya rufe shi, aka sa masa robar iska a hanci, numfashinsa ya zama gajere da sauri, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk in ya ja. Na zauna a gefen gado tun safe har la'asar ina kallon ƙirjin nan yana ɗagawa yana sauka. 'Ya'ya uku na haifa, kuma duk shekara ina zana wa 'yan aji huɗu huhu a allo, amma ban taɓa zama na kalli numfashi ba sai ranar. Ƙirjin da tafin hannuna ɗaya zai rufe, ga shi yana ta fama, bai gaji ba, ba wanda ya koya masa. Na rasa addu'ar da zan yi, sai dai in ya ja iska in ce na gode, in ya sake ja in ce na gode.

Da yamma na gaya wa Apollos cewa ni na ajiye gorar a ƙasa. Na shirya wa faɗansa. Sai ya ce shi ma ya dawo ɗaukar Littafi Mai Tsarki da ya manta, ya tsallake gorar nan da ƙafarsa, ya ce a ransa ya kamata a ɗauke ta, bai ɗauke ba. Akunna kuwa kullum sai ta rufe shago ta kawo mana abinci, ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido, tana cewa da hannunta ta kusa kashe ɗan da take goyo tun yana jariri. Ran kwana na huɗu da safe, Danny ya buɗe ido, ya fizge robar hancinsa, ya ce shi ƙosai zai ci. Nas ɗin da ke wurin ta yi dariya har da tafi. Kwana shida muka yi aka sallame mu.

Mako biyu Goggo Asta ba ta leƙo Demsawo ba, kuma ba ni da lambarta. Ranar Lahadi bayan sujada muka ɗauki Danny muka tafi Malkohi, muna tambaya har aka kai mu gidanta, ɗaki biyu na ƙasa da 'yar gonar kuɓewa a baya. Da ta hango mu ta miƙe, ba mu ta kalla ba, yaron take nema. Ta ce tsoro ne ya hana ta zuwa, kada ta zo ta tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gidanmu. Ta shimfiɗa mana tabarma, sannan ta ba mu labari. A shekarar da suka gudo, ta fito da ɗanta Muktar a bayanta, yana da shekara biyu da rabi. Sun kwana a kan dutse, sun yi kwanaki ba abinci, sun wuce inda ake harbi, yaron bai ko yi mura ba. Mako uku da isowarsu inda ba a harbi, ya sha kananzir ɗin fitila. Mata suka taru da manja, ita da kanta ta riƙe masa kai. Ya yi kwana uku ya rasu. Daga baya wata nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani a hankali. Ta ce shekara goma ke nan maganar tana cikinta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta.

Yaya, ka tuna lokacin da 'yan gudun hijirar nan suka cika harabar cocinmu, muna kai musu tuwo a bokiti, ni ina kwaleji? A lokacin na ɗauka mu ne masu bayarwa. Yanzu in na zauna ina lissafin abin sai jikina ya yi sanyi. Goggo ta ce ranar ma ba ta yi niyyar fitowa ba saboda ciwon baya. Da keken da ta shiga ya tsaya ɗaukar mutum ɗaya a hanya, da cokalin nan ya riga ya shiga. Ni ban isa in ce Allah ya ɗauki ɗan wata don ya bar mini nawa ba, kuma ba zan taɓa faɗa ba. Abin ya fi ƙarfin kaina. Na dai san matar da ta fi kowa dalilin kawar da kai ita ce ta tsallake mutane.

Mun kai mata atamfa da buhun masara. Ta ƙi karɓar atamfar, ta karɓi masarar, ta ce ta maƙwabta ce duka. Sai ta ce tana da roƙo ɗaya, in ba za mu damu ba, a bar ta ta goya Danny. Ka san Danny ba ya yarda da kowa, ko Mama sai da dabara. Amma ta durƙusa, ya hau bayanta kamar ya saba. Ta ɗaure shi da zaninta, ta gyara masa ƙafafu, ta shiga gonar kuɓewar tana tafiya a hankali tsakanin kunyoyi, tana yi masa wata waƙa da yarensu. Ta kai ƙarshen gona ta dawo, ta sake komawa. Har ya yi barci ba ta sauke shi ba, mu ma ba mu ce ta sauke ba. Apollos ya juya baya yana kallon hanya, ya daɗe a haka.

Don Allah ka karanta wa Anti Ebere takardar nan daga farko har ƙarshe, tun da Zadok ya fara tafiya. Ka gaishe ta da kyau, ka ce na gode da addu'o'inta. Ka shafa mini kan Zadok. In ka haɗu da Kawu Harrison a coci ka ce muna gaishe shi da iyalinsa. Apollos yana gaishe ka, Tracy ta ce a gaya maka ta iya rubuta sunanka ba kuskure. In kuna addu'ar iyali, ku riƙa ambaton Goggo Asta da suna. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Ni ce ƙanwarka,
Liyatu