Jan Aji

Da safe: kai auta makaranta, an yi.

Maman yara,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai kewarki. Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, ga Inna kwance kusa da ke.

Jiya ina cikin yankan yadi a shago matar mai kanti ta shigo, ko zama ba ta yi ba. Ta ce Dogonmu ya addabi 'yarta. Kullum aka tashi daga makaranta sai ya bi ta. Ta ce masa ba ta so, ta toshe lambarsa, ya je ya sayi sabon layi. Shekaranjiya ya riƙe mata hannu a bakin lungu har sai da ta fizge. Yanzu yarinyar ta daina zuwa darasin yamma, ga jarrabawa ta matso. Ubanta ya rantse in aka sake, wurin 'yan sanda zai nufa.

Da na koma gida na kira shi ɗaki. Na tsara abin da zan faɗa tun a hanya, amma ina ganin gashin bakin da ya fara fito masa sai tsarin ya watse. Bai musa komai ba. Har da murmushinsa ya ce wai jan aji take yi, haka mata suke, ai ke ma sai da kika ja mini aji na yi ta naci kafin ki yarda. Labarin nan ne da nake ba yara mu yi ta dariya.

Sai na ce ya tashi ya tafi. Ki gaya mini tsakani da Allah, a wancan lokacin jan aji kika yi, ko nacina ne ya gajiyar da ke? Ba zan iya sake zama da shi ba sai na sani.

Ki gaida Inna da su Yaya.

Naki,
Baban yara

Maman yara,

Ina fata kin tashi lafiya. Direban motar garinku ya kawo amsarki, na karanta a tsaye.

Kin ce ba ki taɓa ce mini a'a ba, cewa kika yi in ba ki lokaci, na kuma ɗauke ƙafa har sai da kika aiko. Kin ce wanda kika ce wa a'a daban ne, ya ƙi ji, har kika riƙa canza hanya don tsoro. Ban taɓa sanin wannan ba.

Na zaunar da Dogo na faɗa masa duka, kamar yadda kika ba ni izini. Na ce a'a ba ta da wata fassara, kuma hannun da ba a miƙo masa ba, ba shi da ikon taɓawa. Da na kai wurin canza hanya sai ya sunkuyar da kai. Can ya tambaye ni, wai yarinyar tsoronsa take ji? Na ce e. Ya zare layin daga waya ya ajiye a kan tebur. Ban sani ba ko ya gane ne, ko 'yan sanda yake gudu.

Yana so ya ba ta haƙuri baki da baki. Na kusa cewa to, sai na tsaya.

Allah ya ba Inna lafiya, ya dawo mana da ke.

Naki,
Baban yara

Gobe:
Ɗinkin matar likita, saura hannu.
Sayo kalanzir.
Zuwa wurin mai kanti, ni kaɗai.
A tambayi yarinyar ko tana son ganinsa. In ta ce a'a, shi ke nan.