Ranar da Inna ta ɗaga ido

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Aliero sai godiya.

Allah Ya saka maka da alheri kan likitan da ka haɗa mu da shi ta waya. Jirin nan ya hana Inna ko ruku'u, balle hawa babur zuwa asibiti. Har ruwan albasa muka ɗiga mata a kunne, a banza.

Da likitan ya fito a waya ta kiran bidiyo, ya ce Inna ta dube shi ido cikin ido. Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ko babanku ban taɓa yi mai wanga kallo ba." Raina ya ɓaci, na ce yau kunya za ta hana mu magani. Shi kuwa bawan Allah dariya ya yi, ya ce in tsaya bayan wayar in ɗaga yatsa, ta bi yatsan da ido. Nan ya ga idanunta na rawa. Bayan tambayoyi ya ce kumburi ne can cikin kunne, ya rubuto magani muka sayo a Jega.

Jiya Inna ta yi La'asar a tsaye, ta kai goshi ƙasa ta miƙe da kanta. Ni kuwa sai kuka.

A ci gaba da yi mana addu'a, ka gaida kowa. Inna ta ce ka gode wa likita, amma kar ka kuskura ka faɗa wa kowa cewa ta dube shi.

Ƙanwarka,
Hadiza