Butar Inna, Kofin Farko na Gasarmu

Aminina Nomau,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina Aissa da yara? Ka gaishe mini da Innata, ka ce mata ƙafar nan tawa ta warke. To, ta kusa dai. Dakon kaya a tashar jiragen ruwa ba ya barin mutum ya zauna, amma alhamdulillahi.

Na ga hotonka a waya, ka sha babbar riga kana miƙa kofi, an rubuta wai "uban gasar ƙwallon kwalejoji". Masha Allah! Na taya ka murna, ko da yake ranar abinci ya ƙi shiga.

Ka tuna da kwaleji uku muka fara a Maraɗi? Ni ne na bi shugabanninsu gida-gida ina roƙo, kai kana waje kana gadin keke. Daga baya Tawa ta shigo, Damagaram ta biyo. Yanzu an ce har 'yan Agadas ake kawowa a bas mai sanyi, kwalejinmu kuwa an cire ta, wai filinta ba ciyawa. Filin da na ja wa layi da toka!

Allah ya ƙara ɗaukaka, halas, shi ke nan in ji Larabawa. Abu ɗaya nake roƙo. Butar shayin tagulla da Inna ta ara mana muka yi kofin farko da ita, na hango ta a kan teburinka cikin hoton. Tunda tarihin ba shi da wurin sunana, ka mayar mata da abarta. Ita dai ta san wanda ta ba wa.

Naka har kullum,
Isuhu, daga Aziziyya, Jidda